Ƙaramin fage ko dogon kamfe: wanne ya fi a wasannin yaƙi na ka-taka-in-taka?

Sani U/Rimi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga wata magana da nake so mu baje ta, a kan wasannin yaƙi na kwamfuta waɗanda kowa ke jiran zagayensa. Ra'ayina, ƙaramin fagen da za a fara a gama a zama ɗaya ya fi dogon kamfe, wato buga yaƙin gaba ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma dalilina lissafi ne, ba ƙiwuya ba.

Ku ɗauki Gary Grigsby's War in the East na 2010, wasan yaƙin Jamus da Sobiyet. Kowane gida a taswirarsa mil 10 ne, kowane zagaye mako guda, babban kamfen ya taso daga 22 ga Yuni 1941 har zuwa 1945, zagaye sama da 200. Rukunan da ke hannunka ɗaruruwa ne. A ce 300 kaɗai za ka taɓa, kowanne sakan 20, ka ga minti 100 ke nan a zagaye guda, ba a ma sa lokacin duba jirage da layin dogo ba. To a cikin wannan motsi duka, nawa ne ke buƙatar tunani? 'Yan kaɗan ne, a inda za a fasa layi da inda za a yi wa abokin gaba zobe. Sauran jan ƙafa ne kawai: matso da wannan gaba, cike wancan gurbi. A ƙaramin fage mai rukuni 15 ko 20 kuwa, babu motsin banza, kowanne ka taɓa sai ka tsaya ka auna. Abin da ake nema a wasan ke nan, yanke shawara, ba yawan latse-latse ba.

Injiniya Bala Barnawa:
Wa alaikumus salam Malam Sani. Lissafinka daidai ne, amma ka bar rabin magana. Akwai abin da ƙaramin fage ba zai taɓa koya maka ba, wato hanyar guzuri da ajiye dakarun ko-ta-kwana. A fagen da bai wuce zagaye 12 ba, babu ruwanka da gobe. Kana iya ƙona man tankokinka duka, ka kashe rabin mutanenka a zagayen ƙarshe don ka taka tuta, wasan ya ce ka yi nasara. A dogon kamfe in ka yi haka a watan Agusta, sai ka biya bashin a watan Disamba. Kuma zobe irin na Minsk a ƙarshen Yunin 1941, ko wanda Sobiyet suka yi wa Jamusawa a Stalingrad, da aka fara ran 19 ga Nuwamba 1942 aka rufe a Kalach ran 23, yana son fili mai faɗi. A taswirar kilomita biyu ina za ka kewaya?

Sani U/Rimi:
Yallabai, na karɓi batun ƙona dakaru a zagayen ƙarshe, matsala ce ta gaske. Amma batun guzuri da zobe ban karɓa ba. Unity of Command na 2011 a kan yaƙin Stalingrad ɗin nan aka gina shi, kuma kusan duk wasan a kan hanyar guzuri yake. Guzuri na tasowa daga tasha, ya bi layin dogo, ya bazu iya wani nisa, ƙasa mai wuya tana cinye nisan. Rukunin da aka yanke wa hanya, kowane zagaye ƙara laushi yake yi har ya kasa kai hari. Ga zobe, ga guzuri, amma fage ɗaya cikin awa guda an gama. Dabarar da suka yi ita ce ƙara girman abin da kowane rukuni ke wakilta, maimakon ƙara yawan rukunan. Girman yaƙi daban, yawan abin da hannunka zai taɓa daban.

Baban Yusra Kawo:
Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce gindin maganar, ku riƙe ta. Mutane suna haɗa abu uku wuri ɗaya: girman taswira, yawan rukuni, da yawan zagaye. Kowanne da irin illarsa.

Misali daga Combat Mission. Shi tsarinsa ku biyu kuke ba da umarni, sannan a saki wasan ya yi tafiyar sakan 60 kowa na kallo ba mai iya sa hannu. Faɗan minti 30 zagaye 30 ke nan. In an ba ka filatun guda, sashe uku da shugabansu, ka raba kowane sashe gida biyu ko uku, kana da abu bakwai zuwa goma da za ka bi. Kana iya kallon minti ɗayan nan sau biyu, ka ga daga ina harsashi ya fito, ka gane wace taga ce mashinga ke ciki. In aka ba ka bataliya kuwa, kamfani uku, kowanne filatun uku, ga manyan makamai, ga motoci, sun doshi ɗari. Abin da ke lalacewa a nan ba gajiya kaɗai ba ne. Sai ka manta da wani sashe a tsakiyar fili zagaye huɗu yana shan wuta, ko motoci biyar su cushe a kan gada ɗaya saboda ba ka sa musu jinkirin sakan 10 ko 15 a tsakani ba. Ba dabara ce ta kayar da kai ba, ido ne bai kai ba.

Ɗan Rigasa:
Baba, don Allah tambaya. Ga mai tsohuwar laftof da data ƙalilan, da wanne zai fara? Kuma shin ƙaramin fage ba sa'a ce kawai ke raba gardama ba? Na ji ana cewa harbi ɗaya ya kuskure shi ke nan an gama da kai.

Hauwa Malali:
Ƙanena, bari in amsa ta biyun, don tambaya ce mai nauyi kuma masu son ƙaramin fage suna yawan tsallake ta. Gaskiya ne, sa'a ta fi tasiri idan jifa, wato ƙuri'ar da wasan ke jefawa a kowane hari, ya yi kaɗan. Ga shi a fili daga Battle for Wesnoth, wanda kyauta ne kuma tsohuwar laftof na ɗaukarsa, ka ga na amsa ta farkon ma.

Mai mashi a wasan yana suka sau uku. Idan abokin gaba na tsaye a wurin da kariyarsa kashi 60 ce, damar samunsa a kowace suka kashi 40 ce. Damar ka kuskure duka ukun ita ce 0.6 sau 0.6 sau 0.6, wato kashi 21.6 cikin ɗari. Fiye da sau ɗaya cikin biyar ke nan. In dukan shirinka ya rataya a kan wannan hari ɗaya, to shirin ne ba shi da kyau, ba wasan ba. Kawo mai sihiri, wanda harinsa kullum kashi 70 yake samu ko ina mutum ya tsaya, shi ma sau uku: damar kuskure duka ta koma kashi 2.7. Haɗa su biyu a kan mutum ɗaya, damar a tashi ba a taɓa shi ba ta faɗi ƙasa da kashi 1.

Saboda haka maganin sa'a a ƙaramin fage shi ne ka tara hari a wuri guda, ka fara da wanda sakamakonsa zai nuna maka ko ka ci gaba ko ka janye, kuma kada ka tura rukuni inda in harin ya kuskure ba shi da mafita. A babban fage yawan jifa na shafe kuskuren, shi ya sa mutum zai daɗe yana wasa bai koyi wannan ba.

Injiniya Bala Barnawa:
Hajiya, ai kin ƙarfafa hujjata ne. In yawan jifa na shafe sa'a, babban fage ya fi adalci ke nan. Wanda ya fi iyawa shi zai ci.

Hauwa Malali:
A wasa ɗaya, e. Amma a sa'o'in da za ka ɓata a babban wasa ɗaya, an buga ƙanana goma. Sa'ar ta shafe a nan ma, kuma ka ga buɗewa goma, tsakiya goma, ƙarshe goma. Mai dogon kamfe buɗewa ya fi sani, don yawancin wasannin ba sa kaiwa ƙarshe. Ga kuma hanyar da ta fi kowacce adalci: a buga fage ɗaya sau biyu, a yi musayar ɓangare, a haɗa maki. In fagen ya karkata ga ɓangare ɗaya, kowa ya ɗanɗana.

Auwal T/Wada:
Ina tare da Anti Hauwa a batun musayar ɓangare. Bari in kawo Field of Glory II na 2017, don shi ya warware wata matsala da ba a ambata ba tukuna, wato jan wasa bayan an riga an san wanda ya ci. A can ba sai ka kashe kowa ba. Idan kashi 40 na rundunar abokin gaba suka watse, kuma tazarar da ke tsakaninku ta kai kashi 25, wasa ya ƙare. In ba a sami tazarar ba, wanda ya fara kai kashi 60 shi ya faɗi. Babu bin mutum ɗaya zuwa lungun taswira.

Game da girma, matsakaicin faɗa maki 1200 ne na sayen dakaru, babba 1600, mafi girma 2000. Ni 1200 nake ba da shawara, ko ƙasa da haka ga mai koyo. Dalili: rukuni na da matakai, daga tsayayye, zuwa wanda ya rikice, zuwa wanda ya tarwatse, zuwa wanda ya arce. Idan rukuni na cikin faɗa ta gaba aka daki gefensa, nan take yake sauka mataki guda. In ya arce, maƙwabtansa ma sai an gwada ƙarfin zuciyarsu, kuma haka layi ke warwarewa kamar saƙa. A maki 1200 layinka gajere ne, dawaki biyu da suka kewaya gefe suna iya juya yaƙin cikin zagaye uku. A 2000 layin ya yi tsawon da kafin fiffiken da ya ci nasa faɗan ya juyo ya iso tsakiya, an riga an gama a can. Sai faɗan ya zama faɗa uku dabam-dabam a taswira ɗaya.

Ɗan Rigasa:
Na gode Anti, na gode Yaya Auwal. To a Wesnoth ɗin me mai koyo ke yawan ɓatawa?

Hauwa Malali:
Lokaci da kuɗi. Yini a wasan zagaye shida ne: asuba, safe, rana, magariba, sai dare kashi biyu. Mutanen rana suna samun ƙarin kashi 25 a harinsu da rana, su rasa kashi 25 da dare. Mutanen dare akasin haka. Asuba da magariba kowa daidai. Mai koyo sai ya iso bakin abokin gaba daidai lokacin da ƙarfinsa ke sauka. Ka ƙirga tun daga gida: zagaye nawa tafiyar za ta ci? Ka tashi yadda za ka iso a farkon lokacinka, ka yi faɗa zagaye biyu, ka fara ja da baya kafin lokacinsa ya shigo, ba bayan ya shigo ba.

Kuɗi kuma: a wasan mutum biyu ana farawa da zinari 100, mai mashi 14 ne, mai sihiri 20. Kowane ƙauye na ba ka 2 a zagaye, yana kuma warkar da wanda ya kwana a cikinsa maki 8. Ƙauye ɗaya da aka ƙwace maka tazarar 4 ce a kowane zagaye, 2 da ka rasa da 2 da ya samu. Zagaye huɗu haka, ya fi ka da soja guda. A rundunar da ba ta wuce mutum takwas ba, soja guda ba ƙaramin abu ba ne.

Baban Yusra Kawo:
Madalla 'yata. Ɗan Rigasa, in kana son na tarihi, akwai winSPWW2 da winSPMBT, jikokin Steel Panthers na 1995. Suna da sigar kyauta, ba sa neman kwamfuta mai ƙarfi. Gida ɗaya mita 50 ne. Ga yadda ake haɗa ƙaramin faɗa mai ma'ana a ciki.

Taswira gida 40 a tsaye 40 a kwance, kilomita 2 kowane gefe. Kamfanin sojan ƙasa guda, tankoki uku ko huɗu, ƙananan igwa biyu masu harba hayaƙi, 'yan leƙen asiri sashe ɗaya ko biyu. Zagaye 15 zuwa 20. Abin da ya fi muhimmanci shi ne nisan gani. In ka bar shi ya kai faɗin taswirar, wanda ke da tanka mai dogon zango zai zauna a kan tudu ya gama da kowa tun zagaye na biyu. Rage shi zuwa gida 15 ko 20, sojan ƙasa su sami damar matsowa. Kada a yarda a sayi jirage ko manyan igwa na nesa a fage irin wannan, don ruwan wuta ɗaya yana rufe rabin inda mutum zai iya ɓuya.

Yawan zagaye ma auna shi ake yi, ba zato ba. Duba zagaye nawa sojan ƙafa zai ci daga inda ya tashi zuwa tuta in ba mai harbinsa, ka ninka sau biyu, ka ƙara kaɗan. In ka gajarta, mai kai hari ba shi da zaɓi sai gudu a fili, ya mutu. In ka tsawaita, zai zauna ya yi ta luguden wuta har mai tsaro ya ƙare.

Wani abu a gefe: ku da ke wucewa ta Barikin Dalet a nan Kawo, ko Kalapanzin, ko Barikin Chindit a Zariya, sunayen nan daga yaƙin Bama, wato ƙasar Burma a yaƙin duniya na biyu, suka zo. Dibishan ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi faɗa a can, ta 81 a kwarin Kaladan a 1944, da jirgi ake jefa musu guzuri, 'yan dako na ɗauka a ka. A irin wannan daji da tsaunuka, faɗan sintiri ne da kwanton ɓauna, filatun da kamfani. Wanda ke son ya fahimci abin da kakanninmu suka gani, ƙaramin fage mai gajeren nisan gani ne zai nuna masa, ba taswirar da dibishan guda ke zaune a gida ɗaya ba.

Injiniya Bala Barnawa:
Baba, wannan kam ba gardama. Amma har yanzu ba wanda ya ba ni maganin ƙona dakaru a zagayen ƙarshe. Kuma akwai ta biyu: kwamfuta a ƙaramin fage, da ka buga sau biyu ka haddace inda ta ɓoye kowace bindiga. Daga nan ba yaƙi kake ba, wasan haddace hanya kake.

Sani U/Rimi:
Ta farkon maganinta biyu. Ko dai a sa asarar dakaru ta ci maki da nauyi, yadda tutar da ka taka ba za ta biya tankoki ukun da ka zubar ba. Ko kuma a jera ƙananan fagage a sarƙa, dakarun da suka tsira su bi ka zuwa na gaba da ƙwarewarsu. Wannan shi ne tsarin Panzer General tun 1994, Panzer Corps na 2011 ya gaje shi. Ka ga akwai gobe, amma kowane zama yana da ƙarshe. Sai dai shi ma yana da nasa ciwon: wanda ya fara da kyau dakarunsa na ta ƙara ƙarfi har wasan ya yi masa sauƙi, wanda ya yi asara da wuri kuma sai ya iso fage na takwas ya tarar ba shi da abin da zai wuce da shi. Shi ya sa ake ajiye sebin, wato adana wasan, dabam a farkon kowane fage, kada a riƙa danne ɗaya.

Ta biyun gaskiyarka ce, kuma maganinta mutum. Ko a bar wasan ya ƙirƙiro taswira sabuwa kowane lokaci.

Auwal T/Wada:
In an zo wasa da mutum kuwa, a nan ƙaramin fage ya yi wa babba nisa. War in the Pacific: Admiral's Edition na 2009, zagaye ɗaya kwana ɗaya ne na yaƙi, daga 7 ga Disamba 1941. Zagaye sun haura 1,000. Ko kuna musayar zagaye ɗaya kullum ba fashi, kun doshi shekara uku. Aure, canjin aiki, lalacewar kwamfuta, kowanne na iya kashe wasan. Waɗanda suka ƙirƙiri wasan da kansu sun sa ƙananan fagage irin na Tekun Coral, kamar yadda War in the East ke da Road to Minsk mai 'yan zagaye kaɗan. Field of Glory II kuwa zagaye 24 ne iyakarsa, kuma sau da yawa ba a kai nan. Zagaye biyu a rana, cikin mako biyu an tashi.

Sannan mu faɗi yanayinmu. Batirin laftof da ya kwana biyu awa ɗaya da rabi yake yi in an yi sa'a. Zagayen da ke cin minti 100, in aka ɗauke wuta a tsakiya, ko ka yi sebin, zaren tunanin ya tsinke, ka dawo ba ka san me ya sa ka tura wancan rukuni can ba. Zagayen minti 10 yana shiga tsakanin Magariba da Isha'i.

Hauwa Malali:
Akwai kuma iyaka ta ƙasa, kada a ɗauka kowane ƙanƙanta alheri ne. Into the Breach na 2018 gida 8 sau 8 ne, rukuni uku, zagaye wajen biyar. Yana aiki ne don an nuna maka harin da abokin gaba zai kai kafin ya kai, kuma naka harin ba ya kuskure. Da an sa jifan sa'a a rukuni uku, da caca ce. XCOM na 2012 ya rage mayaƙa zuwa huɗu har shida, alhali jirgin farko a wasan asali na 1994 yana ɗaukar 14, shi ya sa mutuwar mutum ɗaya a na 2012 ke jawo rushewar sauran. Darar gida ma da 'ya'ya goma sha biyu-biyu ake yinta a gida talatin, ba don an rasa tsakuwa ba. A ganina, wasan da ke da jifan sa'a yana son rukuni 10 zuwa 25: sun isa ka ware ajiya da fiffike, ba su kai ka manta da wani ba.

Injiniya Bala Barnawa:
To na sauko rabi. Don koyo da wasa da mutum, ƙarami. Amma wanda bai taɓa ganin damina ta mayar da hanyoyin Rasha taɓo a Oktoba ba, ya ga tankokinsa sun tsaya cik nesa da tashar jirgi, akwai abin da bai sani ba game da wancan yaƙi, kuma fagen zagaye goma ba zai gaya masa ba. Matsakaicin fage na zagaye 15 zuwa 25 a sashe ɗaya na fagen daga, shi nake ganin ya kamata a gwada kafin a yanke hukunci.

Ɗan Rigasa:
Na sauke Wesnoth. Wa zai buga da ni, kuma da wane tsari?

Hauwa Malali:
Taswirar The Freelands, mutum biyu, zinari 100, a rufe taswira yadda ba ka ganin abin da sojanka bai hango ba. A kunna agogo, minti uku ko huɗu a zagaye, in ba haka ba ƙaramin wasan ma sai ya kai tsakar dare. Ka ɗauki mutanen sarki masu mashi don lokacinsu a fili yake, rana. Wasa biyu, mu yi musayar gefen taswira. Zagayen farko ka tabbatar kowane soja da ka saya ka san ƙauyen da zai kama da zagayen da zai isa.

Baban Yusra Kawo:
Ku adana maimaicin wasan in kun gama, ku turo. Daga magaribar farko zuwa asuba za mu duba, mu ga ko ya ja da baya a kan lokaci.